Kyanwar da Aka Liƙe a Rumbun Baba Tanko

Ranar wata Laraba ce, kwana huɗu bayan Mauludi, a tsakiyar bazarar shekarar da tsofaffin ƙauyenmu har yau suke kira shekarar babban fari. Ina da shekara tara. Da hantsi Inna ta aike ni gidan maƙwabcinmu Baba Tanko in ɗauko taɓaryarmu, wadda matarsa ta ara ta mance ba ta mayar ba. Kwana uku ke nan da Baba Tanko ya kwashe iyalinsa suka nufi Kano neman abin sawa a baka, saboda haka babu wanda zan yi wa sallama, amma sai da na yi, don bakina ya saba. Na ɗaga asabarin da aka tare ƙofa da shi na shiga. Tsakar gidan a share take tas, murhu ya huce, duwatsunsa uku suna zaune babu tukunya, ga randa an kife ta a gindin darbejiya. Na hango taɓaryar jingine da danga, na sunkuya zan ɗauka, sai na ji kuka. Siriri ne, a shaƙe, kuma daga cikin rumbu yake fitowa, rumbun ƙasa wanda da idona na ga Baba Tanko ya liƙe bakinsa da laka safiyar da za su tafi. Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba, na saki taɓaryar na kai har bakin ƙofa da gudu. A nan na tsaya, domin da kukan ya sake fitowa na gane muryar. Kyanwar Talatu ce.

Talatu 'yar Baba Tanko ce, sa'ata, kuma tun da muka fara tafiya ba a ganin ɗayanmu ba ɗaya. Ƙauyenmu yana kudu da Kunci, irin ƙauyen nan da gidaje suke warwatse cikin gonaki, gona na manne da gona, ba ka da inda za ka taka ka ce nan ba na kowa ba ne. Tare muke zuwa makarantar allo da sassafe, tare ake zane mu in mun makara, tare muke zuwa rijiya da 'yan tulunanmu, da yamma kuma mu zauna a inuwar rumbunsu mu yi 'yar carafke ko mu haɗa 'yar tsana da kara da tsumma. Kyanwar nan kullum tana tsakaninmu. Fara ce mai jan tabo a kunne ɗaya, ga rainin wayo: in ka kira ta ba ta zuwa, in ka ƙyale ta sai ta zo ta haye maka cinya. Babu wanda ya raɗa mata suna, kyanwar Talatu kawai ake cewa, ita ma Talatun ta ɗauki abin da gaske, har goya ta take yi da ɗan zani, kyanwar tana zillo tana karce mata baya.

Damina biyu a jere ruwa ya yi mana rowa. Gero ya fito ya kai gwiwa ya bushe a tsaye, gyaɗa a wasu gonakin ko kunno kai ba ta yi ba. Igiyar guga aka yi ta ƙara mata tsawo har ta zama kaya guda, kuma in ka gama ja sai ka sami rabin guga na ruwa mai laka. Aka kai jakuna da tumaki kasuwar Ɗambatta aka rabu da su a wulaƙance. Mu yara aikinmu ya koma tsintar abin da a da awaki muke bar wa, busasshiyar tafasa da ganyen yaɗiya, da goruba da muke gwaguya har haƙora su yi tsami. Na ga mata da girmansu suna tona gidan tururuwa suna sheƙe ƙasar saboda 'yan ƙwayoyin da tururuwa ta tara. A gidanmu girki ya koma sau ɗaya a yini, da safe kuwa kunu ne tsararo, ludayi uku-uku. Inna takan ce, "Ku sha a hankali, kada cikin ya gane an cuce shi." Wasan gaɗa ya mutu da kansa, ba wanda ya hana mu, ƙarfin tafin ne babu. Sannan gidaje suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya.

Safiyar da su Talatu za su tafi aka nemi kyanwa aka rasa. Muka zaga bayan danga, muka leƙa akurki, muka duba kan darbejiya, muna "mus, mus" har muryarmu ta dushe. Baba Tanko yana kan tsani a lokacin, ya dama laka a tsohon kasko yana shafe murfin rumbunsa cikin sauri don su kama hanya kafin rana ta yi zafi, yana gaya wa duk wanda ya zo sallama cewa irinsa na ciki, da saukar ruwan farko zai dawo ya yi shuka. Ashe tun da ya buɗe rumbun da asuba ta faɗa ciki bin ɓera, shi kuwa bai lura ba. Aka ja Talatu tana kuka da ƙullin kaya a ka. Ko sai wata rana ba ta ce mini ba. Cewa ta yi, "Dije, in kin gan ta ki riƙe min ita." Na ce to.

To ranar Larabar nan na koma gida a guje ba taɓarya, na tarar da Baba, mahaifina, a zaure yana sassaƙar ƙotar fartanya. Na zata zai miƙe nan take ya ɗauki tsani. Sai ya saurare ni har na gama, ya ci gaba da aikinsa, ya ce, "Ba a buɗe rumbun mutum ba ya nan." Yaran yanzu ba za su ji nauyin wannan magana ba sai an yi musu bayani. A wurinmu rumbu asirin maigida ne. Matar da suka shekara talatin tare ba ta leƙawa, shi zai hau ya ɗebo ya ba ta, abin da ya rage shi da Allah suka sani. A shekarar wadata ma haka ne, balle shekarar da aka kama wani a ƙauyen gaba ya fasa rumbun ƙaninsa, aka zaga gari da shi da damin a ka, ya bar ƙasar bai sake dawowa ba. Kuma akwai abin da ya fi wannan. Ƙasar noma ta yi mana kaɗan, ido na kan kowace gona. Wanda ya tafi ya bar iri a liƙe, kowa ya san zai dawo, ba mai taɓa masa gona. Wanda aka san ya cinye irinsa kuwa, da ruwa ya sauka mai unguwa zai ba wani aron gonar don kada ta zauna a banza, kuma gonar da ta fita ta wannan hanya da wuya take komawa hannun mai ita. Duk wannan daga baya na fahimta. A ranar dai abin da na gani shi ne ubana ya fifita laka a kan rai, kuma na ji haushinsa har na ƙi gaishe shi da yamma.

Ni kuwa tun ina ƙarama an san ni da kafiya, Inna ma mai kunnen ƙashi take ce mini. Na koma gidan na zagaya rumbun a durƙushe har na sami wata 'yar kafa a gindinsa, tsakanin duwatsun da aka ɗora shi a kai, inda ɓera ya huda, ba ta fi shigar yatsa biyu ba. Na yagi gefen tsohon ɗankwalina na ɗaura a kan sillen kara, na tsoma a ruwa na zura. Shiru. Can sai na ji an ja karan, sannan na ji harshe yana lasa. Na zauna a wurin ina jiƙawa ina zurawa har ruwan ɗan gorana ya ƙare. Washegari na sha ludayi biyu na kunu, na ɓoye na ukun a gwangwani, na kai mata ta wannan hanya. Kwana biyu ina haka. Amma kukan sai ƙara sirancewa yake, kuma rana tana dukan rumbun nan tun hantsi har la'asar, in na sa tafin hannu a jikinsa sai na janye. A rana ta uku na zura karan na daɗe ba a ja ba. Inna ce ta same ni a nan, ta biyo sawun taɓaryarta da gwangwaninta. Ta dubi tsumman, ta dubi ƙasusuwan wuyana, ni kuwa na sunkuyar da kai ina jiran duka. Ba ta dake ni ba. Ta kara kunnenta a jikin rumbun ta yi jim, sannan ta miƙe ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Kunun da nake auna miki da ƙyar, shi kike rabawa da bango." Ta wuce gida, ina jiyo ta ta bayan danga tana yi wa Baba magana a hankali, doguwar magana, irin wadda ba ta saba yi masa ba.

Bayan azahar Baba ya tafi wurin Liman. Liman tsoho ne mai ƙarancin magana. Ya ce rai rai ne, kuma alhakin kyanwa ba abin wasa ba ne, amma a buɗe a gabansa, a kuma mayar yadda aka samu. Kafin mu isa da tsani labari ya riga mu, mutane sun taru, kaɗan don kyanwa, yawanci don su ji abin da Tanko ya bari. Baba ya tsayar da kowa a bayan danga. Liman ya tsaya a gindin tsani da sandarsa, ya juya wa rumbun baya. Bakin rumbun ƙasa ƙarami ne, babba ba ya shiga sai da wahala, don haka yaro ake zurawa, kuma a gidanmu, da yake yayyena maza sun tafi ci-rani, ni ce mai wannan aikin. Baba ya ɗauke jinkar da ke kai, ya ɓamɓare lakar da wuƙa a hankali, na hau na same shi, ya ɗaura mini igiyar guga a ƙarƙashin hammata. Sannan ya kawar da fuskarsa gefe, ya zuba wa darbejiya ido, ya fara sakin igiya. Ko sau ɗaya bai leƙa ba.

A rumbunmu, ko a wannan shekarar, ba a yin nisa da saki ƙafata take taɓa dami. A nan igiya ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, har tafin ƙafata ya sauka a kan daɓe. Zafi da wari suka rufe ni. Da idona ya saba da duhun na ga abin da ke ciki, ɗan ƙaiƙayi a gefe, da zangarnun gero da aka sussuke tas aka sake ɗaure su kamar dami, babu ƙwaya ko ɗaya a jiki. Babu iri. Baba Tanko, wanda kullum da safe muke ganinsa yana hawa tsani da ƙwarya yana saukowa da ita a rufe, ya daɗe da cinye irinsa shi da 'ya'yansa. Shekarata tara, amma 'yar manomi ce ni, na san abin da nake kallo, kuma kunya ta kama ni kamar na ga babba tsirara. Kyanwar tana kwance kusa da kafar ɓeran, bakinta a jikin tsummana. Na ɗauke ta, ba nauyi, duk ƙashi, ta buɗe baki za ta yi kuka sauti bai fito ba. Na sa ta cikin rigata na girgiza igiya.

Da kaina ya fito, kafin in buɗe baki, Baba ya yi magana a hankali yadda ni kaɗai zan ji, har lokacin bai dube ni ba. Ya ce, "Abin da kika fito da shi a hannu ya isa. Sauran ki bar shi a ciki." Bai leƙa ba, amma shi ya saki igiyar, ya san tsawon da ta ci. Ya dama sabuwar laka ya liƙe murfin, ya mayar da jinka, Liman ya shafa fatiha aka watse. Kwana da kwanaki mata suna tare ni a rijiya da dabara. "Dije 'yar albarka, dami nawa kika taka?" Ni kuwa sai in ce duhu ne, ban ga komai ba. Wata har goruba biyu ta ba ni, na karɓa na gwaguye a gabanta, na ce duhu ne.

Na ɗauka wahala ta ƙare, ashe rabi aka yi. Kyanwar ta farfaɗo da ruwan kunu, cikin mako guda ta fara takawa, kuma takunta na farko gidan su Talatu ta nufa. In na ɗauko ta da safe, kafin azahar ta koma ta zauna a bakin murhun da ya mutu tana jira. A lokacin kuwa karnukan da masu su suka tafi suka bari sun haɗa kai suna yawo tsakanin gidaje, yunwa ta cire musu tsoron mutum, har ɗan akuyar Liman suka cinye da rana tsaka. Sau ɗaya na same ta can ƙololuwar darbejiya, karnuka uku suna zaune a ƙasa suna jiran ta. Ga kuma bakin mutane. Aka fara cewa dabbar da ta kwana shida a liƙe ta fito da rai, a dai bincika ko kyanwa ce. Yara suka fara jifan ta, har da waɗanda muke karatu tare. Na fasa wa ɗaya baki, aka zane ni, kuma har yau ban yi nadama ba. A cikin gida ma, kazar Inna guda da ta rage ta ƙyanƙyashe tsaki biyar, kyanwar kuwa idonta na kansu. Inna ta ce, "Na taya ki fito da ita, ban ce zan ciyar da ita da 'ya'yan kazata ba." Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta yi mini zafi.

Baba ne ya kawo maganar Gwaggo Asabe, yayarsa da ke aure a wani ƙauye wajen Bagwai. Mijinta malami ne mai tarin littattafai, kuma yunwar shekarar ta sa ɓeraye sun koma cin fatar gafaka da takarda, har sai da ya rataye littattafansa a rufin ɗaki. Gidan katangar ƙasa gare shi, kare ba ya shiga, kuma suna da akuya mai nono. Na ce ai Talatu cewa ta yi in riƙe mata. Baba ya ce, "Riƙon ke nan. In kika bar ta a nan, fata za ki ba Talatu." Na yi kukana na gama. Muka tashi bayan sallar asuba a ƙasa, don jakinmu ya daɗe da tafiya kasuwa. Inna ta sa kyanwar a kwando, ta rufe da faifai, ta naɗe da zani ta ɗaure, domin ba a barin kyanwa ta ga hanya, in ta gani ko kwana nawa ne sai ta biyo ta ta koma. Na ɗauki kwandon a ka. Muka ratsa gonaki fetal ba ko kara, muka wuce gidaje da yawa da aka tare ƙofarsu da asabari irin na su Talatu, kowanne da rumbunsa a liƙe. Na riƙa kallon rumbunan nan ina tunanin abin da na sani.

Sai la'asar muka isa, ƙafata ta kumbura, ƙarshen hanyar ma a wuyan Baba na yi, kwandon yana hannunsa. Gwaggo ta kwance zanin ta leƙa ta kwashe da dariya. "Mutane na kai wa 'yan'uwansu hatsi, ni ƙanina baki ya ƙaro min." Amma tana faɗa tana neman ƙoƙon tatsar akuya. Ta shafa wa kyanwar ɗan man gyaɗa a tafin ƙafafu, ta ce in ta lashe ta manta tsohon gida ke nan, ta rufe ta a ɗakin littattafai. Malam ya zo ya tsuguna ya dube ta, ya ce, "Allah ya kawo ki, ga aiki nan." Da safe kafin mu juyo na leƙa ta taga na gan ta zaune a kan buzu da ɓera a gabanta. Na ce, "mus, mus." Ta dube ni ta kau da kai. Raina ya ɓaci, kuma a lokaci guda hankalina ya kwanta, don na san ta warke. Shekara bakwai ta yi a gidan, ta cika unguwar da fararen kyanwoyi.

Ruwan farko ya sauka bayan wata biyu. Kwana uku da saukarsa sai ga Baba Tanko shi kaɗai, a rame, da fartanya a kafaɗa don mutane su gani. Iyalin ya bar su a Kano wurin dangin matarsa. Washegari da safe Baba ya zura ni rumbunmu na miƙo masa dammunan da suka rage mana na iri. Inna ta sussuka, Baba ya raba uku, ya zuba kashi ɗaya a ƙwaryar tuwo, ya rufe da faifai, ya ɗora ƙoƙon miya a kai wanda babu komai a ciki. Ya ce, "Je ki kai wa Babanki Tanko tuwo. Ki bi ta inda kowa zai gan ki." Na same shi zaune a gindin rumbunsa, bai hau ba. Na durƙusa na ajiye, na ce ya gaya wa Talatu na samo kyanwarta, tana gidan Gwaggona tana shan nono. Fuskarsa ta ɗan saki, ya ce tun daga nan har Kano Talatu ba ta daina maganarta ba. Sannan ya tambaye ni a ina na same ta. Kafin in buɗe baki idona ya ci amanata, ya tafi kan rumbun. Ya bi idona da kallo. Ya ɗaga faifan, ya ga abin da ke cikin ƙwaryar, ya mayar ya rufe. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Dije, da kika shiga, me kika gani?"

Na ce, "Kyanwa, Baba."

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai."

Ya ja wuyan rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa, ni kuwa na tashi na fita a hankali, don na san wannan ma ba na kallo ba ne. Washegari kowa ya gan shi ya hau tsani, ya ɓamɓare laka, ya sauko da ƙwarya a rufe, ya nufi gonarsa ya yi shuka.

Talatu ba ta dawo ba. Can ta girma, aure ya kai ta wani gari, ba mu sake haɗuwa ba, kuma ban taɓa sanin ko saƙona ya isa gare ta ba. Wannan yana damuna har yau, fiye da yadda ya kamata ya dami tsohuwa mai jikoki. Baba da Inna da Liman da Baba Tanko duk sun riga mu gidan gaskiya, gonar nan kuma jikokinsa ne ke noma ta, shi ya sa bakina ya buɗe. In na je gida yanzu da ƙyar nake ganin rumbun ƙasa. Hatsi a buhu yake, a jibge a shago mai ƙofar ƙarfe, mai wucewa ma yana gani, wanda ba shi da shi kuma kafin azahar kowa ya sani. Ban ce a dawo mana da yunwar nan ba, Allah ya kiyaye. Amma ina kewar mutanen da za su yi tafiyar yini guda da ciki wayam saboda kyanwa, su kuma kau da kai don kada su ga talaucin maƙwabci. Yau mun fi su ƙoshi, ban sani ba ko mun kai su kunya.